Shin Dole Ne Najeriya Ta Kasance Yadda Take a Yau?

Duk lokacin da al'amura suka dagule a ƙasar nan, akwai maganganu biyu da ake yawan ji a majalisun hira na Kaduna, daga Tudun Wada har Barnawa, da kuma shirye-shiryen rediyo da ake buɗe wa masu sauraro layi. Ta farko ita ce Turawa ne suka haɗa mu dole a 1914, don haka tun daga tushe ginin ya karkace. Ta biyu ita ce Allah ne Ya haɗa mu, saboda haka babu sauran abin tattaunawa. Masu maganar farko sun ɗora nauyin tarihin ƙasa gaba ɗaya a kan sa hannun mutum guda a rana guda. Masu ta biyu kuwa sun faɗi abin da babu mai imani da zai musa, sai dai yarda da ƙaddara bai taɓa hana malamanmu bin diddigin sababi ba. Wanda ya bi sababan daki-daki zai tarar cewa ƙasar nan ta ratsa mararraba da dama, a kowacce kuma ana iya bin wata hanya dabam, kuma abin da ya riƙa karkata akalar al'amura a mafi yawan lokuta shi ne lissafin kuɗi da neman hanyar fita teku.

A ƙarshen ƙarni na 19 babu wata alama da ke nuna cewa Kano da Ikko za su zauna ƙarƙashin tuta ɗaya. Daular Usmaniyya, wadda ta samo asali daga jihadin 1804, gabas da yamma ta miƙe, tun daga Dori a cikin Burkina Faso ta yau har Ngaundere a cikin Kamaru. Borno tana zaman kanta, yayin da Gobirawan Tsibiri da Katsinawan Maraɗi da Zazzagawan Abuja suka ci gaba da riƙe sarautunsu ba tare da sun yi wa Sakkwato mubaya'a ba. Fataken Kano sun fi sanin hanyar Agadas da Tarabulus, da hanyar Gwanja inda ake sayo goro, ko da yake kanwa da dawaki da tufafi suna gangarawa Kudu ta Nupe da Ilorin, akwai kuma Hausawa mazauna Ikko tun kafin zuwan Lugga, Baturen da ya haɗe Arewa da Kudu a 1914. Da a ce wata ƙasa ta zamani za ta tsiro daga wannan yanayi da kanta, da ta fi yiwuwa ta bi faɗin Sahel fiye da ta gangara bakin teku.

Abin da ya juya alƙiblar zuwa kudu shi ne cewa Turawan Ingila ta ruwa suka shigo. George Goldie ya haɗe kamfanonin Ingila masu ciniki a kogin Kwara, ya kuma saye na Faransawa masu gasa da shi gab da taron Balin na 1884 zuwa 1885, inda ƙasashen Turai suka tsara ƙa'idojin rabon Afirka, abin da ya ba Ingila damar cewa ita kaɗai ce a kan kogin. A 1885 wakilin kamfanin, Joseph Thomson, ya riga Jamusawa isa wurin Sarkin Musulmi Umaru, ya dawo da takardar da fadar ta ɗauka ta ciniki ce, kamfanin kuwa ya riƙa nuna ta a Turai a matsayin shaidar mallaka. Da ƙarfin irin wannan takarda Ingila da Faransa suka ja layi a 1890 daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a gaɓar tafkin Chadi, alhali babu Bature ko ɗaya da ke mulkin ko da ƙauye a tsakanin wuraren biyu.

Yadda iyakar arewa ta samu siffarta ta ƙarshe ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. A yarjejeniyar 1898 an ɗora tsinken awo a kan birnin Sakkwato aka zana rabin da'ira mai nisan mil 100 daga birnin, aka ce abin da ke ciki na Ingila ne. Da Faransawa suka zo bin rabonsu domin isa Damagaram daga bakin Kwara, sai suka tarar an tura su cikin jejin da babu rijiyoyin da za su shayar da ayarin soja da raƙuma. Suka yi ta ƙorafi har 1904, lokacin da ƙasashen biyu suka zauna warware rigingimunsu a sassan duniya baki ɗaya. Daga cikin abin da aka daidaita a kai, Faransa ta saki wani tsohon haƙƙin da masuntanta ke da shi a gaɓar tsibirin Newfoundland, can kusa da Kanada, Ingila kuma ta saka mata da wasu yankuna a Afirka ta Yamma, ciki har da matso da iyakar nan kudu domin ta samu hanya mai ruwa. Bayan an ƙara gyara layin a 1906 aka kuma kafa duwatsun iyaka, Birnin Ƙonni da Maraɗi suka tabbata a hannun Faransa. Ke nan ɗan kasuwar Jibiya da yake ƙetare iyaka kafin ya kai ga 'yan'uwansa na Maraɗi, a cikin dalilan hakan har da cinikin kifin wani teku da kakanninsa ba su taɓa jin sunansa ba.

Haka abin yake a sauran kusurwoyi. A yamma, Lugga ya riga wani hafsan Faransa isa Nikki da 'yan kwanaki a 1894, amma duk da haka aka raba Bargu biyu, Busa ta zo Najeriya, Nikki ta tafi ƙasar Benin ta yau. A gabas, an bar wa Ingila birnin Yola, mafi yawan ƙasar Lamiɗo kuwa, har da Garwa da Ngaundere, ta faɗa hannun Jamus. Sunan Najeriya kansa 'yar jarida Flora Shaw ce ta ba da shawararsa a wata jaridar Landan a Janairun 1897. Ranar 1 ga Janairu 1900 gwamnatin Ingila ta karɓi ragama daga kamfanin, bayan ta biya shi diyyar fam 865,000, kuma cikin shekara uku da 'yan watanni aka ci Bida da Kwantagora da Yola da Bauci da Zariya, sannan Kano a Fabrairun 1903 lokacin da Sarki Alu ya tafi Sakkwato, sai Sakkwato kanta ranar 15 ga Maris, har zuwa Burmi a watan Yuli inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada tare da ɗimbin masu hijira.

Haɗewar 1914 kanta, wadda ake ta ambata, maganar baitulmali ce kafin komai. Arewa ba ta da tashar jirgin ruwa, don haka ba ta da kuɗin fito, kuma harajin da ake tarawa ta hannun sarakuna bai isa biyan Razdan-Razdan da sojoji da aikin layin dogo ba. Kowace shekara sai baitulmalin Landan ya cike giɓin da dubban ɗaruruwan fam, abin da ya saɓa wa ƙa'idar Ingila cewa kowace ƙasar mallaka ta ciyar da kanta. Kudu kuwa tana da rara, kuma kaso mai tsoka na kuɗinta daga harajin barasar da ake shigowa da ita yake fitowa, barasar da aka haramta sayarwa a mafi yawan Arewa. Ga kuma rikicin layin dogo, domin gwamnatin Arewa ta gina nata daga Baro zuwa Kano tsakanin 1907 da 1911 don ta riƙa fitar da kaya ta kogi, gwamnatin Ikko kuma tana miƙo nata layin, har hukumomi biyu na sarki ɗaya suka shiga gasar neman kaya. An dawo da Lugga daga Hong Kong a 1912 domin ya kawo ƙarshen wannan asara.

Ba a rasa masu wata shawarar ba. E. D. Morel, ɗan jarida mai bin al'amuran Afirka, ya ba da shawarar a raba ƙasar zuwa manyan larduna huɗu, Charles Temple kuma, wanda ya yi Razdan a Arewa har ya kai Mataimakin Gwamna, ya ce bakwai. Da an bi ɗaya daga cikinsu, da kalmomin nan biyu, Arewa da Kudu, ba su zama harsashin siyasarmu ba. Lugga ya ƙi duka biyun, ya bar ɓangarorin biyu yadda ya same su, kowanne da Mataimakin Gwamnansa da sakatariyarsa, ya haɗe wasu ma'aikatu kurum, irin su kwastan da reluwe da gidan waya da soja. Abin ya yi kama da maigidan da ya haɗa kuɗin cefanen gidajensa biyu a aljihu ɗaya, amma kowane gida ya ci gaba da ɗora tukunyarsa. Majalisar dokokin da aka kafa a Ikko a ƙarƙashin tsarin mulkin 1922 ba ta da ikon yi wa Arewa doka, Gwamna ne ke yi da umarninsa, kuma sai a 1947 wakilan Arewa suka fara zama a majalisar dokoki ɗaya da na Kudu. Shekara 33 ke nan na zaman 'yan marina, kuma a ganina wannan tazara ta fi ranar haɗewar kanta tasiri a kan abin da ya biyo baya.

Garin nan namu na Kaduna ɗan wannan zamani ne. Hedkwatar Arewa ta fara zama a Lakwaja, ta koma Jabba, sannan Zungeru a 1902, amma zafi da sauro suka sa aka nemi wani wuri. An zaɓi bakin kogin Kaduna, a ƙasar Gbagyi, domin yana kan layin dogo, yana da ruwa, kuma ba fadar wani sarki ba ce da zai yi inuwa a kan Gwamna. Sojoji suka fara sauka, ma'aikatu suka biyo baya, aka kammala ƙaura a wajajen 1917. Har yau ƙaramar gadar ƙarfen nan da aka ciro daga Zungeru tana nan a lambun shaƙatawa na Gamji da ke bakin kogi. Wanda kuma ya ratsa tsakiyar gari daga Ahmadu Bello Way ya lura da allunan tituna, zai ga titin Kano da titin Katsina, ga titin Legas da na Ibadan da na Abeokuta, ga titin Yarbawa da na Nufawa da na Gwarawa, duk a 'yan taku kaɗan, domin akawu da kafinta da direban jirgi da leburan da suka gina garin daga waɗannan wurare suka fito.

Jirgin ƙasa ya yi abin da takardar Lugga ba ta yi ba, kuma ya yi shi ta hanyar da masu shi ba su zata ba. Masaƙun Ingila auduga suke fata idan layi ya kai Kano. Amma masaƙan gida suna sayen auduga da farashin da ya fi na Turawa, sai manyan 'yan kasuwar Kano suka ba manoma bashi da kayan masarufi don su noma gyaɗa, kuma tun daga kakar 1912 gyaɗa ta cika tashar Kano har jiragen suka kasa kwashewa. Da aka gama gadar Jabba a 1916, daga baya kuma layin gabas daga Fatakwal ya ratso Inugu da Makurɗi da Kafanchan ya haɗe a Kaduna, sai arzikin manomin Arewa da harajin En'e suka rataya a kan tashoshin ruwa biyu da ke Kudu. Ayarin hamada ya mutu a daidai wannan lokaci.

A 1939 aka raba Kudu gida biyu, Gabas da Yamma, aka bar Arewa ɗungurungum, wadda ta fi su duka biyun faɗin ƙasa da yawan jama'a a ƙidayar hukuma. An yi hakan ne don sauƙin gudanar da mulki, amma da siyasar zaɓe ta zo sai ya zama babban al'amari. A taron Ibadan na Janairun 1950 wakilan Arewa suka nemi rabin kujerun majalisar tarayya, Sarkin Zazzau Ja'afaru, da goyon bayan Sarkin Katsina Usman Nagogo, ya ce idan ba a yarda ba to a koma yadda ake kafin 1914. Aka yarda, Arewa ta samu kujeru 68, Gabas da Yamma 34 kowacce.

Shekarar 1953 ce ƙasar ta fi kusantar rabuwa cikin lumana. A ƙarshen watan Maris Anthony Enahoro ya gabatar da ƙudirin a ba Najeriya mulkin kai a 1956. Sardauna Ahmadu Bello ya nemi a cire shekarar a sa lokacin da ya dace, domin a sa'ilin Arewa ba ta da isassun ma'aikatan da za su riƙe ofisoshi, kuma tsoron shugabanninta shi ne Bature ya tashi akawun Kudu ya zauna. A wannan zama ne ya yi maganar nan da ake yawan maimaitawa cewa kuskuren 1914 ya fito fili. Aka yi wa wakilan Arewa ihu a titunan Ikko da tashoshin jirgi a hanyarsu ta dawowa. A watan Mayu, da tawagar Akintola, ɗan siyasar Yamma, ta shirya taro a Kano, rikici ya ɓarke tsakanin birni da Fage da Sabon Gari, aka rasa rayuka 36 a ƙidayar hukuma. Kwanaki kaɗan bayan haka Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna ta Arewa suka zauna a nan Kaduna suka amince da buƙatu takwas, waɗanda a taƙaice suka nemi kowace jiha ta riƙe dukkan ikonta, a bar wa wata hukuma ta tsakiya marar majalisa tsaro da hulɗar waje da kwastan kawai. Tsakanin wannan da rabuwa taku ɗaya ne.

Me ya hana a yi takun? Sardauna da kansa ya bayyana daga baya cewa ra'ayin ɓallewa ya ja hankalinsu ƙwarai, amma abu biyu suka tsaya musu. Mafi yawan kuɗin shigar ƙasa a bakin tashoshin Ikko da Fatakwal ake karɓarsa, sannan babu tabbacin cewa Kudun da aka rabu da ita cikin fushi za ta bar gyaɗa da auduga su wuce a kan layin dogonta. Daga nan aka nufi taron Landan, aka fito da tsarin tarayya na 1954 mai jihohi uku masu ƙarfi. Awolowo ya nemi a rubuta 'yancin ɓallewa a cikin tsarin mulki, Azikiwe ya ƙi, Turawa suka goyi bayan ƙin. Yana da amfani a duba abin da ya faru a maƙwabta a wannan lokaci. Faransa ta mulki yankuna takwas a matsayin tarayya ɗaya daga Dakar, amma dokar 1956 ta miƙa iko ga kowane yanki shi kaɗai, kuma Houphouët-Boigny na Kwaddibuwa, wanda ƙasarsa ta fi arziki, bai ga dalilin da zai riƙa ciyar da sauran ba. Tarayyar ta watse, Nijar ta samu 'yanci ranar 3 ga Agusta 1960 ba ta da teku, tana dogaro da tashar Kwatano. Abin da shugabannin Arewa suka hango suka ja da baya, shi ne ya tabbata a kan 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka.

Akwai kuma waɗanda ba a cika sa su a labarin ba. Al'ummomin tsakiyar ƙasa, har da na kudancin lardin Zazzau waɗanda mulkin En'e ya ɗora wa hakimai daga waje, sun daɗe suna neman jiharsu, kamar yadda ƙananan ƙabilun Gabas da Yamma suke nema, jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano kuma tana faɗa da tsarin En'e daga cikin gida. Hukumar Willink ta zagaya ƙasa a 1957 da 1958 tana sauraron koke-kokensu, amma ba ta ba da shawarar ƙirƙirar jihohi ba, gwamnatin Ingila kuma ta ce duk mai son sababbin jihohi sai ya yarda a ɗage ranar 'yanci. Babu jam'iyyar da ta iya ɗaukar wannan nauyi a gaban magoya bayanta. Haka Arewa ta karɓi mulkin kai ranar 15 ga Maris 1959, ranar da Sakkwato ta faɗi shekara 56 kafin nan, ƙasa baki ɗaya kuma ranar 1 ga Oktoba 1960, da jihohi uku waɗanda ɗaya ta rinjayi biyu.

Ko a ranar 'yancin taswirar ba ta kammala ba. Mubi da Gwoza da Bama da Ganye da tsaunin Mambila suna cikin yankin Kamaru da aka ƙwace daga Jamus aka ba Ingila amana. A ƙuri'ar raba gardama ta Nuwambar 1959 mutanen yankin sun zaɓi a ɗage yanke shawara, abin da ya girgiza Kaduna, har ta hanzarta gyara mulkin En'e a wurin. A Fabrairun 1961 suka zaɓi Najeriya, aka kira yankin Lardin Sardauna, yayin da kudancin Kamarun Ingila, wato su Bamenda da Buea, ya zaɓi ɗaya ɓangaren. Lardin Sardauna ne kaɗai yankin ƙasar nan da aka tambayi mutanensa kai-tsaye ko suna son zama 'yan Najeriya.

Mararraba ta ƙarshe ita ce mafi muni. Ranar 15 ga Janairu 1966 aka kashe Sardauna a gidansa na Kaduna, inda Gidan Arewa yake a yanzu, aka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Akintola da manyan hafsoshi 'yan Arewa. Da Janar Ironsi ya soke tsarin jihohi da doka mai lamba 34 a watan Mayu, kalmar da ta cika titunan Arewa ita ce a raba, kuma sojojin da suka yi juyin mulkin 29 ga Yuli da niyyar rabuwa suka fito, har wasu sun tura iyalansu gida. A barikin Ikeja manyan sakatarori da jakadun Ingila da Amurka suka yi ta jan hankalinsu da hujjar nan ta 1953, wato tashar ruwa da kuɗin shiga, wanda yanzu man fetur ya shiga cikinsa, domin an haƙo shi a Oloibiri a 1956 an kuma fara fitar da shi a 1958. A taron tsarin mulki na Satumba tawagar Arewa ta fara gabatar da shawarar zaman sako-sako mai 'yancin ɓallewa, bayan 'yan kwanaki ta janye ta koma neman tarayya mai ƙarfi da sababbin jihohi, kuma ra'ayin 'yan tsakiyar ƙasa, waɗanda su ne da yawa a cikin kuratan soja, ya yi nauyi a wannan sauyi. Amma kisan gillar da aka yi wa dubban 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa a wannan shekara ya riga ya mayar da neman rabuwa Gabas.

Ranar 27 ga Mayu 1967 Gowon ya raba ƙasar jihohi 12, shida daga cikinsu a tsohuwar Jihar Arewa, wato da doka ɗaya ta soja aka yi abin da Temple ya nema kafin 1914 kuma Willink ya kauce masa. Bayan kwana uku Ojukwu ya ayyana Biyafara, aka yi yaƙi har Janairun 1970. Kaduna ta sauka daga hedkwatar fiye da rabin ƙasa zuwa ta Jihar Arewa ta Tsakiya, daga baya a 1987 aka cire mata Katsina. Dalar gyaɗa ta ɓace a shekarun da suka biyo bayan yaƙin, bututun ɗanyen mai ya taso daga Escravos a yankin Neja Delta ya iso matatar Kaduna da aka buɗe a 1980, kuma kowane wata kwamishinonin kuɗi na jihohi 36 suna haɗuwa domin raba abin da ya shiga asusun tarayya, wanda kaso mai yawa daga cikinsa mai ne da kwastan da harajin kayan da suka shigo ta bakin teku.